Mu shida ne muke ɗauke da aikin gidaje 26, ko cin tara zai gyara?

Tambaya: Wata 'yar'uwa da ke zaune a Suwidin ta rubuto cewa ita da maigidanta da 'ya'yansu biyu suna shekara ta uku a wani gidan haɗaka, irin wanda kowane iyali ke da nasa sashe da nasa kicin, amma akwai babban kicin, ɗakin cin abinci, wurin wanki da lambu na kowa da kowa. Gidaje 26 ne, manya 41. Ta ce mutum shida ne ke ɗauke da kusan komai, ita ce ta shida, sauran kuma sai an yi ta bin su. An kawo shawara a riƙa rubuta awannin da kowa ya yi a manna a bango, a kuma ci tarar wanda ya gaza. Zuciyarta tana goyon bayan haka, amma tana tsoron kada zumunci ya lalace. Tana kuma tsoron idan ta saki aikin komai zai zube, sannan ta tambayi yadda za ta yi da girki a watan azumi da ranakun da ake dafa naman alade. Me ya kamata su yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na karanta saƙonki sau biyu, na kuma ji gajiyar da ke cikinsa. Na yi shekaru ina zaune a irin wannan gida, daga baya kuma aikina ya koma zama da mazauna irinku idan rabon aiki ya fara haɗa su. Shawarata ita ce kada ku fara da tara, kada kuma ku manna sunan kowa a bango tukuna. Za a iya kaiwa can, amma akwai aikin da ya kamata ya riga shi, kuma daga yadda kika ba da labari ban ga alamar kun yi shi ba.

Ƙasar da kike zaune ta daɗe da wannan muhawara. Gidajen haɗaka na farko a Suwidin ba mazauna ne ke yin aikinsu ba. Wanda Sven Markelius ya zana tare da Alva Myrdal a Stockholm, aka buɗe a 1935, yana da babban kicin da wurin renon yara, kuma ma'aikata ake biya su yi komai domin matan gidan su samu fita aiki. Haka aka gina babban gidan Hässelby a shekarun 1950, mai gidaje sama da 300, inda kowa ke sayen tikitin abinci. Da aka rufe ɗakin cin abincinsa a 1976, sai mazauna suka shiga kicin da kansu suna girka wa juna, suka kuma gano cewa girkin tare ya fi haɗa kansu a kan cin abin da wani ya dafa. A 1979 aka buɗe Stacken a Gothenburg a kan wannan tsari na kowa ya sa hannu. A Denmak ma, tun daga Sættedammen da iyalai 27 suka tare a 1972, aikin hannun mazauna ne ginshiƙi. Daga can Kathryn McCamant da Charles Durrett suka kai tsarin Amurka a 1988, suka ba shi sunan cohousing.

Na kawo wannan ne don ki ga cewa a irin gidanku, sharar da girkin ba hanyar rage kuɗin haya kawai ba ce. Ta wurinsu ne maƙwabci ke sanin maƙwabci. Duk tsarin da za ku ɗauka, ku auna shi da tambayoyi biyu: ya sa aikin ya gudana? Ya kuma sa mutane sun ƙara kusantar juna ko ya raba su? Tara tana iya cin jarrabawa ta farko ta faɗi ta biyu.

Abin da za ku fara yi shi ne ƙirga aikin, kafin ku ƙirga mutanen. Kusan duk gidan da na shiga ana wannan rigima, idan na ce a nuna mini jerin ayyukan da gidan ke bukata a shekara da awannin da kowane ke ci, sai a kalli juna. Kowa ya san yana gajiya, amma babu wanda ya san girman kayan da ake ɗauka. Ku ware zama guda, ku samu manyan takardu, kowa ya rubuta duk abin da ya taɓa yi wa gidan a shekarar da ta wuce. Girki, wanke-wanke, goge matakala, fitar da shara, kwashe dusar ƙanƙara a bakin ƙofa, gwada ƙararrawar gobara, lissafin kuɗi, magana da kamfanin da ya mallaki ginin. Waɗannan za su fito da sauri. Sai ku tsaya a kan waɗanda ba a gani, domin a nan ciwon yake kwance. Wa ke lura sabulun wanki ya kusa ƙarewa ya sayo? Wa ke wanke tsummokaran kicin? Wa ke rubuta abin da aka tattauna a taro, ya tura wa kowa? Wa ke zaunar da sabon mazauni ya nuna masa yadda injin wanke-wanke ke aiki? Wa ke ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar da aka kwana biyu ba a gani ba? Wa ke shiga tsakani idan iyaye biyu suka saɓa a kan yara? Duk wannan aiki ne, yana cin lokaci, yana cin zuciya, kuma a gidajen da na sani galibi mata ne ke yin sa ba tare da an rubuta shi ko'ina ba. Idan kuka manna jadawalin awanni a bango alhali ba ku sa waɗannan a ciki ba, mai yankan ciyawa zai fito gwarzo, wadda ta kwana tana lallashin maƙwabciyarta kuma ta fito malalaciya. Kin ga an yi zalunci da sunan adalci.

Wani abin kuma da zaman zai fito da shi, ki shirya masa: za ki tarar wasu daga cikin waɗanda kuke ganin ba sa komai suna yin abubuwan da ba ku taɓa sani ba. Ba duka ba, amma wasu.

Bayan an tara jerin, sai a tace shi. Akwai aikin da idan ba a yi ba gidan zai lalace ko hukuma ta shigo, kamar shara, tsafta, kuɗi, gyara da kariyar gobara. Akwai wanda kuka yi alkawarin yi wa juna tun farko, wato girkin haɗaka da abin da ke tattare da shi. Sai na ukun, aikin sha'awa: gadon furanni na bakwai, sabuwar rumfar kekuna, fentin bangon wurin wasan yara a karo na uku. Wannan na ukun yana da kyau, yana ƙawata gida, amma ba bashi ba ne a kan kowa. Na ga mutumin da ke zuba awa 20 a wata a lambu saboda lambu ne abin ƙaunarsa, sannan yana jin haushin maƙwabtan da ba su taya shi ba. Taron gida bai taɓa amincewa da wannan girman lambun ba. Ka'idar da nake ba mutane ita ce, abin da taro ya amince da shi ne kawai ke shiga lissafin wajibi. Ki tambayi kanki da gaskiya, ke da sauran biyar ɗin, nawa ne daga cikin abin da kuke yi taro ya ɗora muku, nawa ne kuka ɗora wa kanku saboda idonku ba ya jure ganin abu a karkace. Ba zargi nake yi ba, ni ma na bi ta nan.

Sai lissafi. Bari in ba da misali da lambobin da na ƙirƙira don a gane hanyar, ku za ku sa naku. A ce kashi na farko da na biyu sun haɗu sun kai awa 3,400 a shekara. Ku 41 ne, amma a kowane lokaci za a samu kamar mutum biyar da ke da uzuri na gaskiya, saura 36. Idan aka raba, kowa zai tashi da kimanin awa 94 a shekara, wato ƙasa kaɗan da awa 8 a wata, bai kai awa biyu a mako ba. A gidajen haɗaka na EcoVillage da ke Ithaca a jihar New York, abin da ake tsammani daga kowane babba shi ne awa 2 zuwa 4 a mako a ɗaya daga rukunan aiki. Idan naku lissafin ya ba ku awa shida ko bakwai a mako, to matsalarku ta wuce lalaci, kun ɗora wa gidan abin da ya fi ƙarfinsa. Sai ku rage: girki sau uku a mako maimakon biyar, ko a ɗauko mai goge matakala a biya shi daga asusun gida. Gwamma ƙaramin alkawari da kowa zai cika da babba da mutum shida za su mutu a ƙarƙashinsa.

Ku raba a kan kowane babba, kada ku raba a kan kowane gida. Idan aka ce kowace ƙofa awa 15, mace mai renon yara biyu ita kaɗai za ta ɗauki daidai da abin da miji da mata marasa yara za su raba tsakaninsu. Ni har sassauci nake so a ƙara wa irin wannan uwa a kan kason mutum ɗaya. Akwai kuma wani amfani: idan sunan kowane babba ne a rubuce, miji ba zai fake a bayan matarsa ba, ta yi nata ta yi nasa.

Yanzu ga yadda za a raba. Ke Bahaushiya ce, kin tashi kin ga hanyoyi biyu na raba aiki, kuma dukansu suna da gurbi a nan. Ta farko ita ce rabon girki. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowace ta san kwananta, babu mai tashi da safe tana tambayar wa zai dafa yau, babu mai roƙon wata. Ranar ta zo, tukunya taki ce. Duk aikin da ke dawowa kullum haka yake so a yi masa, a ba shi suna da rana. Gidan Färdknäppen da ke Stockholm, wanda aka buɗe a 1993 da gidaje 43 don mutanen da suka haura shekara 40 kuma babu yara a gabansu, a kan wannan ya tsayu. An kasa mazauna rukuni shida na girki, kowane rukuni yana riƙe kicin mako ɗaya cikin shida, ana cin abincin dare tare daga Litinin zuwa Juma'a. Cin abincin ganin dama ne, shiga rukunin girki da na tsafta kuwa wajibi ne da mutum ya amince da shi kafin ya tare. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne rukunin ne ke raba aiki a cikinsa. Mai ciwon baya ya zauna ya yanka albasa, mai fita aiki da rana ya zo ya yi wanke-wanke da dare, wanda ya ƙware ya tsaya a kan tukunya. Mutum bakwai ko takwas da ke ganin juna mako guda a kicin sun fi kowace takarda sanin wanda ya zo da wanda ya zille, kuma mutum yana jin kunyar barin abokan rukuninsa fiye da yadda yake jin kunyar wani abu mai suna "jama'a". Idan a gidanku har yanzu takarda ake mannawa a ce mai so ya rubuta sunansa, to wannan ne ya haifar da ku shidan. Tsarin mai-so-ya-zo kullum masu saurin jin nauyi yake cinyewa.

Hanya ta biyu ita ce gayya. Gayya tana tafiya ne saboda an san ranarta, an san inda aikin ya fara da inda ya ƙare, ana yi ana raha, akwai abinci, kuma kowa ya san gobe gonarsa za a je. Manyan ayyuka na lokaci-lokaci, kamar gyaran lambu idan sanyi ya wuce, wanke tagogi, kwashe tarkacen sito, su ne na gayya: rana biyu zuwa huɗu a shekara, awa uku ko huɗu, a sanar tun watanni kafin lokacin, a tanadi mai kula da yara, a rufe da cin abinci. Wanda ba zai samu zuwa ba a ba shi wani aiki daga jerin ya yi a cikin makon. Kuskuren da na fi gani shi ne a nemi tafiyar da aikin kullum da ruhin gayya. Ba a kiran gayya don wanke kwanukan daren Talata.

Sai dai akwai bambanci guda da gidajenmu na gida, kuma shi ne ya sa zamanku ya fi wuya. A gandu akwai maigida. Shi ke cewa yau gonar gandu za a je, shi ke ba kowa lokacin gayaunarsa, kuma maganarsa ta zauna. A gidan haɗaka babu maigida, kowa daidai yake da kowa. Abin da ke tsayawa a matsayinsa shi ne rubutacciyar yarjejeniya da kowa ya sa hannu a tsara ta. Idan ku shida kuka rubuta ta kuka kawo wa sauran, sunanta dokar mutum shida, kuma za a yi mata biyayyar da ake yi wa dokar da aka ƙaƙaba. Ku jawo biyu ko uku daga cikin waɗanda ake kuka da su cikin kwamitin da zai tsara ta. Za ta fito ba yadda kike so ɗari bisa ɗari ba, amma za ta rayu.

Game da rubuta awanni, ba na ƙin sa gaba ɗaya. Akwai inda ya yi aiki shekaru da yawa. A al'ummar Twin Oaks da ke jihar Bajiniya a Amurka, wadda aka kafa a 1967, kowane mamba yana cika takardar aiki ta kusan awa 40 a mako, kuma girki da renon yara suna da daraja ɗaya da aikin da ke kawo kuɗi. Da farko sun gwada ba aikin da ba a so maki mai yawa, wanda ake so kuma maki kaɗan, daga baya suka watsar suka koma awa ɗaya maki ɗaya. Amma ki lura, su dukiyarsu da abin shigarsu a haɗe suke, aikin nan shi ne abincinsu. Ku kuwa awa biyu a mako ake magana. Kafa ma'aikatar lissafi a kan awa biyu yana iya cin lokacin da ya kai na aikin kansa, sannan yana koya wa mutane su riƙa duba agogo: na cika takwas ɗina, ko kofi ya faɗi a gabana ba ruwana. Abin da na ga ya fi dacewa da gida irin naku shi ne a ƙirga ayyuka maimakon mintoci. Kowane aiki a ba shi kimar awanninsa sau ɗaya a shekara, kowa ya zaɓi ayyukan da suka cika kasonsa, a manna jerin ayyukan da sunan mai kowane. Abin da ke bango ya zama "wa ke riƙe da me". Ba ya zama "wa ya gaza". Idan shara ta taru, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, ba sai an yi gunaguni a ɗakin wanki ba.

Ayyukan da kowa ke gudu, irin su wanke ɗakin shara da bututun kicin, kada ku jira mai sadaukarwa. Ku sa su a zagaye, kowa ya ɗanɗana.

Uzuri kuma a rubuta shi tun kafin a bukace shi. Haihuwa, rashin lafiya, rasuwa, jarrabawa, jinyar iyaye: a ce mai irin wannan yana da hutun wata kaza, ya sanar da mutum ɗaya ko biyu da aka amince da su, ba sai ya tsaya gaban taro yana bayyana sirrinsa ba. Akwai cututtukan da ba a gani a fuska, kuma a ƙasar da duhun hunturu ke daɗewa kin san abin da nake nufi. Tsofaffi kuwa a rage musu, amma kada a cire su kwata-kwata sai in su suka nema. Wata dattijuwa a gidan da na zauna ta yi kuka ranar da aka ce mata ta huta, an ɗauke mata komai. Mu muna ganin mun kyauta mata, ita kuwa ta ji an mai da ita baƙuwa a gidanta. Muka mayar mata da ninke tsummokaran kicin da karɓar kuɗin abinci, ta riƙe su har ƙarshen zamanta da mu.

To, waɗanda ba su da uzuri kuma ba sa yi fa? A abin da na gani, sun kasu. Akwai wanda rayuwa ta sha masa kai yana jin kunyar faɗa. Akwai wanda ya taɓa gwadawa aka gwale shi. Akwai kuma wanda da gaske ya zo cin bulus ne, yana son arhar abinci da lambu mai kyau ba tare da ya ɗaga tsinke ba. Wannan na ƙarshe yana nan, ba na musun sa, amma bai kai yawan da mai gajiya ke zato ba. Na tsakiyar nan shi na fi so ki duba, domin ni na taɓa zama sanadinsa. Na riƙe sito da tsarin kicin na gidanmu shekara huɗu. Na san inda kowane cokali yake, kuma duk wanda ya shigo girki sai na gyara masa wani abu: ba haka ake jera tukwane ba, wannan wuƙar ba ta nama ba ce. Wani maƙwabcinmu ya daina zuwa girki, na yi shekara ina ƙirga shi cikin malalata. Ranar da muka zauna, ya ce mini duk lokacin da ya shiga kicin ji yake kamar yaron da aka aika gidan mutane. Maganar ta yi mini zafi, kuma gaskiya ce. Daga nan muka sa doka cewa babu mai riƙe muƙami ɗaya fiye da shekara biyu a jere, kuma duk mai riƙe da aiki sai ya rubuta yadda ake yin sa a takarda ɗaya don na bayansa. Wanda ya karɓi siton daga hannuna bai jera shi yadda nake so ba. Abinci bai fasa fitowa ba, masu shiga kicin kuma suka ƙaru.

Game da hukunci, akwai binciken da ya cancanci ku sani. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna tafiyar da dukiyar haɗaka ba tare da ta lalace ba: makiyayar ƙauyen Törbel a Suwizalan, dazuzzukan ƙauyukan Japan, magudanan ban-ruwa na Valencia a Sifaniya da na manoman Filifin. Ta tarar suna da abubuwa iri ɗaya. Waɗanda doka za ta hau kansu su ne ke tsara ta. Ana sa ido, kuma masu sa idon daga cikinsu suke ko suna amsa musu. Akwai wurin sasanta rigima mai sauƙi da arha, kamar kotun ruwa ta Valencia da ke zama kowace Alhamis a ƙofar babban cocin garin. Hukunci kuma hawa-hawa ne, na farko ɗan kaɗan ne ƙwarai, kusan tunatarwa ce cewa an gani. Wato rashin hukunci sam yana kashe tsari, domin masu yi za su gaji su daina. Fara da babban hukunci shi ma yana kashe shi.

Ga yadda nake shimfiɗa matakan. Na farko, mutum ɗaya daga rukuninsa ya same shi shi kaɗai, ya tambaye shi lafiya, ya kawo masa tayi takamaimai: ga aiki kaza da kaza, wanne zai fi maka sauƙi? "Ka riƙa taimakawa" ba tayi ba ne. Idan wata biyu suka wuce babu canji, mutum biyu da taro ya naɗa don wannan su zauna da shi, a rubuta abin da aka amince, a sa ranar dubawa. Sai a mataki na uku kuɗi ke shigowa. Kafin ku kai nan, ku karanta yarjejeniyar hayarku da dokokin ƙungiyar gidanku da kyau, ku ga abin da suka ba ku ikon yi, domin tarar da ba ta da madogara a takarda ba za ta karɓu ba, kuma za ta zubar da mutuncin duk tsarin.

Kuɗin ma ina so ku canza masa fuska. Da yawa daga gidajen haɗaka na Amurka suna barin mutum ya biya a madadin awannin da bai yi ba. Idan aka kira shi tara, an ce mutum mai laifi ne. Idan aka ce kuɗin madadi ne da za a ɗauki mai yin aikin da shi, an bar masa ƙofar mutunci, aikin kuma ya gudana. A sa shi kusa da abin da za a biya ɗan kwangila na gaske, don kada ya zama arha. Amma ni ina da iyaka a nan, kuma ina riƙe da ita da ƙarfi: a bar mutum ya fanshi goge matakala ko yankan ciyawa, kada a bar shi ya fanshi girki da ranakun gayya. Idan komai na sayarwa ne, cikin 'yan shekaru za ku wayi gari masu hali suna biya, marasa hali suna yi musu hidima, a gida ɗaya, a teburi ɗaya. Waɗanda suka shiga kicin a Hässelby da Stacken daga wannan suka fito.

Sababbin shigowa kuma a gaya musu komai tun kafin su sa hannu: awa kaza ne a wata, ga rukunin girkinka, ga ranakun gayya. Su zo su yi girki sau ɗaya ko biyu tare da ku kafin su yanke shawara. Rabin rigimar da ake yi da mutum a shekara ta uku, a ranar da aka nuna masa gida aka shuka ta, lokacin da aka nuna masa lambu da ɗakin baƙi aka yi shiru a kan jadawali.

Saura ke kanki. Kin ce kina tsoron idan kika saki, komai zai zube. Wani abu zai zube, kuma ya kamata a gan shi a ƙasa. Muddin ku shida kuna toshe kowace ɓaraka kafin a lura da ita, sauran 35 ɗin suna zaune ne a gidan da komai ke tafiya daidai, ba su da dalilin yarda cewa akwai matsala. Kada ki yi yaji, kada ki daina cikin fushi ba sanarwa. Ki je taro na gaba da takarda, ki karanta ayyukan da kike riƙe da su da awannin da suke ci, ki ce daga wata mai zuwa za ki riƙe biyu, sauran kuma kin mayar wa taro, ga bayanin yadda ake yin kowane. Ki roƙi sauran biyar su yi haka a rana ɗaya. Daga nan ki nemi a sa ranar zaman ƙirga aiki, kuma duk tsarin da aka amince da shi a ce gwaji ne na wata shida, za a dawo a duba. Mutane sun fi saurin yarda da abin da suka san za a iya warwarewa.

Kin kuma ambaci azumi da batun naman alade a ƙarshen saƙonki. Waɗannan ki kai su rukunin girkinki kai tsaye, tun da wuri. Ki nemi musayar makonki na Ramadan da wani tun watanni biyu kafin ya kama, ki kuma ce a ranakun da za a dafa abin da ba kya taɓawa, ke za ki riƙe tukunyar masu cin ganye, wadda kusan kowane gidan haɗaka a can yana dafawa, ko ki ɗauki gasa burodi da jera teburi. A rubuta shi cikin tsarin rukunin yadda ba sai kin sake roƙo kowace shekara ba. Allah ya ba ku zaman lafiya, ki gaishe da maigidan da yara.